Mace Ɗaya a Hoton 'Yan Farko

Cikin watan Satumba na shekarar 1985, ruwa bai gama ɗaukewa ba, aka ɗora wa Shekari aikin da bai roƙa ba. Shi dai ƙaramin jami'i ne a ofishin Rajistara na babbar makarantar nan da ke kudancin kogin Kaduna. A takarda kwaleji ce, amma a bakin mutanen unguwannin Television da Kakuri da Barnawa jami'a ce. A wurinsu duk makarantar da ake sa doguwar riga da hula mai tuntu ranar yaye ɗalibai, to jami'a ce, mai gardama ya yi ta yi.

Makarantar za ta cika shekara ashirin da biyar a watan Nuwamba, aka shirya biki, aka kafa kwamiti. Ranar da kwamiti ya zauna rabon aiki, Shekari yana Kafanchan wurin auren ƙanwarsa. Da ya dawo ranar Litinin, bai ma gama jingine Vespa ɗinsa ba aka ce Rajistara na kira.

Rajistara, Alhaji Lawal, mutum ne mai jiki da murya, wanda ko gaisuwa zai yi sai ta zama jawabi. Ya dubi Shekari ta saman tabarau ya ce, "Shekari, an ce kai ka karanta tarihi."

"A sakandare ne, ranka ya daɗe."

"Ya wadatar. Za ka rubuta mana ɗan littafi. Rabi tarihin makaranta, rabi matsayinta na yau. Ina son baƙo ya buɗe ya ji tsikar jikinsa ta tashi. Kana da mako shida."

Shekari ya buɗe baki zai yi magana, Alhaji ya riga ya ɗauki kan wayar tarho. Ya fito yana sosa ƙeya. Edith, mai buga tafireta a ofishin, 'yar Binuwai da ba ta raga wa kowa, ta dube shi ta ce, "Oga, barka da biki. Gobe ma ka sake tafiya ranar taro."

Rabin da ya shafi yau bai ba shi wahala ba. Cikin kwana huɗu ya tattara komai: ɗalibai dubu tara da 'yan kai, sassan karatu goma sha ɗaya, ɗakin karatu mai hawa biyu, ɗakunan kwanan ɗalibai da aka gina wa mutum huɗu amma mutum tara ke kwana. Wannan na ƙarshen ya rubuta shi da cewa "ɗakunan kwana masu farin jini". Ya sa har da ajin yamma, inda ma'aikatan masaƙa da na kamfanin haɗa motoci ke zuwa bayan tashi daga aiki, wasu da rini a farce, wasu da baƙin mai, suna gyangyaɗi suna rubutu. Abu ɗaya ne ya gagara, wato faɗin filin makarantar. Ofishin ayyuka ya ba shi lamba ɗaya, ofishin Shugaban makaranta ya ba shi wata, mai gadi ya ce shi dai ya san daga nan zuwa can ne. Shekari ya bar wurin fili, ya ce Edith ta tsallake layi.

Rabin tarihi kuwa, nan ne gizo ke saƙa. An ce tsofaffin fayiloli suna wani ɗakin ajiya bayan ofishi. Da aka samo makulli aka buɗe, sai ya tarar gara ta riga shi karatu. Fayil ɗin da ya ɗaga duk sai ya zube ƙasa kamar garin tuwo. Ya yi wuni biyu yana atishawa, abin da ya tsira da shi bai fi wasiƙu uku ba, da wata adakar ƙarfe. Cikin adakar akwai tsohon tulun tawada, da ƙaho na kiran ɗalibai, da hoto guda.

Hoton na 'yan farko ne. A bayansa an rubuta 1960 da fensir, ba suna ko ɗaya. Samari goma sha bakwai ne cikin gajeren wando da doguwar safa, sun jeru gaban wata rumfar kwano. A tsakiya wani Bature na zaune da lofe a baki. Can gefen dama kuwa, ga wata yarinyar mace tsaye, da zane da ɗankwali, ta riƙe doguwar sandar awo ta 'yan safiyo, wadda ta fi ta tsawo nesa ba kusa ba. Duk mazan sun ɗaure fuska. Ita kaɗai ke dariya, wushiryarta a waje.

Da Alhaji Lawal ya ga hoton, sai da ya miƙe tsaye.

"Ɗalibarmu ta farko! Tun shekarar samun 'yanci! Shekari, ka san abin da ka tono kuwa? Wace makaranta ce a Arewa za ta nuna irin wannan?"

"Ranka ya daɗe, ba mu dai tabbatar ba ko..."

"Me ya rage a tabbatar? Ga ta ga kayan aiki a hannu. Ka nemo ta. Ko tana Legas, ko tana Ingila. Za mu zaunar da ita a babban tebur, mu sa mata riga, mu ba ta lambar yabo."

Kafin la'asar Alhaji ya faɗa wa Shugaban makaranta, kafin wayewar gari Shugaba ya faɗa wa mutanen ma'aikatar ilimi. Magana ta riga ta fita, ba ta komawa.

Shekari ya shiga nema. Ya rubuta wasiƙa Jos, ya rubuta Makurɗi, ya rubuta Zariya. Ya bi ofisoshin safiyo na cikin gari yana nuna hoto, kowa ya duba ya girgiza kai. Wani tsoho a ma'aikatar filaye ya ce ya gane Baturen, amma matar kam bai san ta ba. Edith ta ba shi shawara ya kai sanarwa gidan rediyo. Aka yi ta karantawa kwana uku a jere, ana neman ɗalibar farko ta 1960, ta zo ofishin Rajistara akwai alheri.

Kalmar alherin nan ita ta jawo masa aiki. Mata huɗu suka zo. Ta farko da aka tambaye ta shekarar haihuwa ta ce 1954. Edith ta ce, "To Madam, kina da shekara shida kika yi safiyo?" Ta biyu ta ce ba ita ba ce, amma maƙwabciyarta ce da ta rasu, kuma ta bar wasiyya a ba ta duk abin da ya fito. Sauran biyun tare suka zo, suka yi faɗa a baranda kan wace ce a cikinsu, har sai da masinja ya raba.

Mako huɗu suka wuce. Shekari ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Matarsa a gida ta fara tambayar wace ce wannan da yake yawo da hotonta a jaka. Duk da haka ya riga ya rubuta shafi guda a kanta, don Alhaji ya matsa. Ya kira ta tauraruwa, ya kira ta fitila, ya ce ta keta duhu. Edith tana bugawa tana tsaki.

Ana cikin wannan sai ga wani aikin. Zamanin ne na tsabtace gari, ana rushe rumfuna ko'ina. Kwamitin biki ya yanke cewa rumfunan masu abinci da ke bakin ƙofar makaranta sun ɓata fuskar wuri, kuma a filin makaranta suke, saboda haka su tashi kafin baƙi su zo. Aka buga notis goma sha biyu. Wa zai kai? Aka duba aka ga Shekari ne ya fi kowa sanin masu rumfunan, tunda can yake cin abincin rana.

Wannan ya fi neman matar ɗaci a wurinsa. Shekara shida ke nan yana cin shinkafa da wake a rumfar Mama Tagwai. Sunanta Celina, amma rabon da a kira ta haka tun kafin yaƙin basasa. Mace ce gajera mai ƙarfi, ta doshi hamsin, muryarta na kaiwa har ɗakin karatu in ta kira mai kwano. Ta san wanda ba ya cin yaji, ta san wanda ya faɗi jarrabawa tun kafin a kafe sakamako, don daga yadda yaro ke juya cokali take ganewa.

Shekari ya bari sai da cunkoson rana ya ragu. Ya zauna a benci, ya rungume fayil.

"Malam Shekari, yau ba ka ce a zuba ba."

"Mama, ba na jin yunwa."

"Ƙarya kake. Mako nawa ina kallonka kana ƙarewa kamar sabulu. Me ke cikin takardar nan da kake riƙe da ita kamar jariri?"

Ya buɗe fayil zai zaro notis, sai takardun suka zube. Hoton ya faɗa daidai gaban ƙafarta. Ta sunkuya ta ɗauka, ta goge hannu a zane, ta nisanta shi da ido, ta matso da shi. Sai ta fashe da dariya har tana dafa bencin.

"Kai! Wa ya ba ka hotona?"

Shekari ya dube ta, ya dubi hoton. Ga wushiryar nan, ga dariyar nan, ba abin da ya canza sai jiki da shekaru.

"Mama... ke ce?"

"Da wa ce? Dubi Mai Lofe, Allah sarki. Dubi yadda na rame."

"Mama, wata guda ina nemanki! Har Makurɗi na rubuta wasiƙa! Ba ki ji sanarwa a rediyo ba?"

"Na ji mana, har sau uku. Ɗaliba kuka ce kuna nema. Ni kuwa ban taɓa zama a aji ba, ko na rana ɗaya."

Ta zuba masa abinci ba tare da ya ce ba, ta tura masa, ta zauna a kan turmi ta ba shi labari. A 1960 tana amarya, mijinta Ɗanjuma lebura ne a wurin Baturen da suke kira Mai Lofe, wanda ya buɗe makarantar da ajin safiyo guda ɗaya a tsohuwar rumfar ajiyar kayan jirgin ƙasa. Aikin Ɗanjuma shi ne riƙe sandar awo da jan sarƙa. Ana saura kwana biyu a fara auna filin makaranta, kurkunu ya fito masa a ƙafa, ko tsayuwa ba ya iya yi. In bai je ba za a ɗauki wani. Sai Celina ta ɗaura zane ta tafi, ta ce wa Mai Lofe ta zo riƙe wa mijinta sanda.

"Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce sandar ta fi ni tsawo. Na ce masa ai shi ma ta fi shi, kuma ba ta gagare shi ba. Tafinta ya faɗa masa, ya yi dariya har lofe ya faɗi."

Kwana uku aka ce za ta yi, ta yi wata bakwai, don kurkunu ba ya sauri. Ta shiga ciyawa, ta shiga fadama, ta tsaya cikin ruwa har gwiwa. Ba ta iya karanta harafi ba, amma lamba ta zauna mata. Har ya zama in ɗalibi ya saki sarƙa ta yi lanƙwasa, ita ke tsawata masa kafin malam ya gani. Turakun siminti takwas aka dasa a iyakar makarantar, ba wanda ba ta tsaya a kansa ba. Daga baya ciki ya tsufa, Ɗanjuma ya warke ya samu aiki a masaƙa, ita kuma ta haifi tagwaye. Da ta yi arba'in ta ga yaran nan goma sha bakwai ba su da wurin cin abinci, sai ta kafa tukunya.

"Yanzu Baban Tagwai yana Kakau yana noma, tagwayen ɗaya nas ce ɗaya direban jirgin ƙasa. Ni kuma ga ni. To, waccan takardar da ka ɓoye a ƙarƙashin cinya fa, ta mece ce?"

Shekari ya rasa inda zai sa kansa. Ya karanta mata notis, murya ƙasa ƙasa. Ta saurara har ƙarshe, ba ta ɓata rai ba.

"Sake karanta wurin da aka ce a filin wa muke."

"A filin makaranta, Mama."

"Wa ya auna?"

"Haka dai kwamiti ya ce."

"To ka gaishe da kwamiti. Ka ce su zo da mai na'ura, in nuna musu filinsu. Ci abincinka, yana hucewa."

Washegari Shekari ya shiga wurin Alhaji Lawal da labari biyu, ya rasa wanda zai fara. Ya fara da cewa an ga matar. Alhaji ya yi kabbara. Ya ce tana bakin ƙofa tana sayar da shinkafa, kuma ba ɗaliba ba ce. Alhaji ya zauna a hankali kamar an zare masa laka.

"Shekari, na faɗa wa Shugaba. Shugaba ya faɗa wa ma'aikata. An ɗinka riga."

"Na sani, ranka ya daɗe."

"Ba za a iya cewa ta ɗan... halarci darasi ba? Ai a fili ake darasin safiyo."

"Ranka ya daɗe, ko na rubuta, ita za ta ƙaryata a gaban baƙi. Ba ka san muryarta ba."

Alhaji ya dafe kai. Shekari ya ga dama ta samu, ya ƙara da maganar turaku takwas, ya tuna masa har yau ba wanda ya san faɗin filin makaranta, layin nan na littafi yana nan fanko. Alhaji ya ce a kira Malam Ishaku, shugaban sashen safiyo. Malam Ishaku ya ce taswirar asali ta ɓata tun kafin ya zo, shekara tara yana neman turakun nan, biyu kawai ya gani. Da ya ji akwai mai cewa ta san takwas, ya ce ko a kan jaki take zai bi ta.

Ranar Alhamis da hantsi aka fita. Mama Tagwai ta bar wa maƙwabciyarta tukunya, ta ɗaura ɗankwali, ta sa takalmin roba, ta shiga gaba. Bayanta Malam Ishaku da na'urarsa mai ƙafa uku, sai ɗalibansa su wajen talatin da sarƙa da diga, sai Shekari da littafin rubutu, sai Alhaji Lawal cikin babbar riga fara, wanda aka ba shi shawara ya zauna a ofis ya ƙi. Edith ma ta rufe tafireta ta biyo, ta ce wannan ba a ba ta labari.

Na farko da na biyu su ne waɗanda Malam Ishaku ya sani, ta wuce su ko tsayawa ba ta yi ba. Na uku ta tsaya bayan ɗakin karatu ta duba hagu da dama.

"Da akwai ɗorawa a nan."

"An sare ta da za a yi gini," in ji Malam Ishaku.

"To daga kututturenta taki goma sha biyu ne, ka fuskanci gadar jirgi."

Aka samu kututturen cikin ciyawa. Ta taka da ƙafarta, ta ce a tona. Diga uku aka sara aka ji ƙwal. Ɗalibai suka sa ihu kamar an ci ƙwallo. Malam Ishaku ya durƙusa ya share ƙasa da hannu, ya karanta lambar da ke jiki, ya ɗago ya dube ta, ya cire hularsa.

Na huɗu yana cikin kejin kajin wani malami, aka yi ta fama da zakara. Na biyar yana tsakiyar wani kwazazzabo, nan Alhaji ya bar takalmi ɗaya a laka, wani ɗalibi ya cire masa. Daga nan Mama ta miƙe ta nufi kogi, ta wuce wayar da kowa ya ɗauka ita ce iyaka, ta ci gaba da tafiya cikin gonakin masara.

"Mama, mun fita daga makaranta fa," in ji Alhaji yana haki.

"Ba ku fita ba, Alhaji. Wayar nan ɗan kwangila ne ya gaji ya tsaya a nan. Filinku har bakin fadama."

Can kusa da ruwa, gindin wata giginya, aka tono na shida, aka tono na bakwai. Malam Ishaku ya yi lissafi a tsaye ya ce abin da ke bayan waya ya kusa kashi ɗaya cikin uku na makarantar gaba ɗaya. Fuskar Alhaji ta washe, ya manta da laka. Nan take ya fara nuna inda za a yi sabon ɗakin kwana da filin wasa. Sai ya tsaya ya ce, "Wannan masarar ta wa ce?"

Kowa ya kau da kai. Rabin ma'aikatan ofis suna da kunya a wurin, kowa ya ɗauka filin ba mai shi. Shekari, wanda kunyarsa goma sha huɗu ke daidai inda Alhaji ya tsaya, ya duƙufa yana rubutu kamar bai ji ba. Edith ta ce, "Oga, ba irin masarar da ka kawo mana ofis ba ce wannan?" Ya taka mata ƙafa.

Rana ta take sosai lokacin da suka zagayo bakin ƙofa. Mama ta wuce kai tsaye cikin rumfarta, jama'a suka tsaya a waje.

"Saura ɗaya, Mama," in ji Malam Ishaku.

"Na sani. Ku sauke mini tukunyar nan."

Ɗalibai biyu suka kama tukunyar shinkafa suka sauke. Ta janye itacen, ta yayyafa ruwa, toka ta tashi. Murhun duwatsu uku ne, a can ƙarshen rumfa ta baya. Biyu duwatsu ne kamar na kowa. Na ukun kuwa mai kusurwa huɗu ne, ya yi baƙi ƙirin, ya tsattsage ta gefen wuta. Ta ɗauki wuƙa ta kankare bayansa. Lamba ta fito.

"Ranar da zan kafa murhu duwatsu biyu na samu," in ji ta. "Na duba na ga ga na uku gwamnati ta riga ta dasa, ba ya motsi. Daga baya na ga masu gini suna tumɓuke irinsu, na ce to wannan dai sai an ɗaga tukunyata."

Malam Ishaku ya kafa na'ura, ya hanga daga turken zuwa na farko. Ya hanga sau biyu. Sannan ya yi gyaran murya ya ce layin iyaka ya bi ta bayan rumfunan ne, duka goma sha biyun suna waje, tsakanin makaranta da titi. Abin da ya shigo filin makaranta bai wuce rabin tukunyar Mama ba.

Masu rumfuna da suka taru suka sa guɗa. Alhaji Lawal ya dubi turken, ya dubi ƙafarsa mai laka, ya dubi Mama Tagwai. Sai ya yi dariya, irin wadda ba a taɓa jin ya yi a ofis ba.

"Shekari, ina notis ɗin nan?"

"Ga su, ranka ya daɗe."

"Ba wa Mama ta hura wuta da su. Rabin tukunyar da ke filinmu kuwa, a zuba mana, mun gaji."

Littafi ya fito saura kwana biyu biki. Shekari ya yage shafin tauraruwa da fitila, ya rubuta abin da ya faru yadda ya faru, da sunanta cikakke a ƙarƙashin hoton, da aikin da ta yi. Maganar riga da babban tebur kuwa, Mama ta ce a kai kasuwa. Ranar da mutum dubu za su taru a ƙofarta, ita ce za ta je ta zauna tana sauraron jawabi? Shugaba da kansa ya aiko, ta ce a gaishe shi.

Ranar biki aka yi jawabai har azahar ta gota. Cikin 'yan farko goma sha bakwai, tara suka samu zuwa, duk sun zama manya, wasu da furfura, wasu da direba. Da aka tashi cin abinci a babban zaure, aka duba kujerunsu ba kowa. Alhaji ya kira Shekari ya ce maza ya nemo su, Shugaba na jira.

Bai sha wahalar nema ba, daga nesa ya jiyo hayaniya. Su tara suna jere a bencin Mama Tagwai, sun naɗe manyan riguna a kafaɗa, wani ya rataye kwat a jikin ƙusa, kowa da kwanon fate a hannu, littafin Shekari na yawo a tsakaninsu. Mama na tsaye a kan wani dogo mai sanƙo, wanda aka gabatar ɗazu a matsayin babban injiniyan hanyoyi na wata jiha.

"Kai Garba, har yanzu kana sakin sarƙa?"

"Haba Celina, shekara ashirin da biyar!"

"Na bi hanyar da aka ce kai ka yi, da za ni ganin 'yata. Tun daga lanƙwasar farko na ce wannan aikin Garba ne."

Sauran takwas suka kwashe da dariya har ɗaya ya ƙware. Shekari ya matso ya rusuna ya ce, "Ranku ya daɗe, Shugaba na jiranku a zaure. An yanka rago."

Injiniya Garba ya share hawayen dariya ya ce, "Kai ne ka rubuta littafin nan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Ka yi kuskure wuri ɗaya. Rumfar kwanon nan ba ta jirgin ƙasa ba ce, ta sojoji ce."

"Ta jirgi ce," in ji Mama.

"Ta sojoji ce, Celina."

Nan take benci ya rabu biyu, huɗu na nan biyar na can, kowa na rantsuwa. Shekari ya duba agogo, ya waiwayi zaure, ya ga ba mai niyyar tashi. Wani daga cikinsu ya matsa ya buga benci da tafin hannu.

"Zauna, ɗan samari, ka fito da alƙalaminka. Yanzu za ka ji tarihi."

Shekari ya zauna. Mama ta miƙo masa kwano, ya karɓa da hagu, ya zaro alƙalami da dama.